TSOHON RUMBU MA KAYAN TARIHI NE



Bayaninmu na wannan karo a kan rumbu yake, musamman tsohon rumbu, wanda kaka ya bar ma uba, uba ya bar ma ɗa. Duk wanda ke yawo cikin garuruwanmu, daga Gabi zuwa Safo, daga Ɗan Isa zuwa Jiratawa da Sarkin Yamma, ya lura rumbuna suna raguwa. Mutane da yawa yanzu suna sussuke hatsi tun da kaka, su zuba a buhu, su kai ɗaki ko mangaza. In tsohon rumbu ya karkace, sai a ture shi. Itacen ya tafi murhu, wurin kuma a yi ɗakin ango. Ba wanda ke tambaya ko an yi hasarar wani abu. To, an yi. Ga dalili.

MI AKE NUFI DA KAYAN TARIHI?

Kayan tarihi shi ne duk abin da mutanen da suka bari, wanda in ka dube shi zai gaya maka yadda suka rayu. Galibi in an faɗi haka, sai hankali ya tafi ga fadar sarki ko babban masallaci. Gaskiya ne, waɗannan kayan tarihi ne. A shekarar 2013 hukumar UNESCO, wadda ke kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya baki ɗaya. Nan gida ma, a 2006, gwamnatin Nijar ta miƙa ma wannan hukuma sunan tabkin Madarunfa, da dajinshi, da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, don a duba ko za su shiga. Akwai kuma doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga watan Yuni 1997, wadda ta ce a kare kayan al'ada da na tarihin ƙasa, a adana su.

Amma fada labarin sarakuna take bayarwa. Labarin talaka fa, wa zai bayar da shi? Wanda ya yi noma, ya ciyar da sarki da malami da baƙo, bai bar bene ba, bai bar takarda ba. Abin da ya bari gona ce, da rijiya, da rumbu. Cikin ukun nan kuwa rumbu ne ginin da ya zuba ma dabararshi duka, don a cikinshi ran iyalinshi yake.

DABARAR DA KE CIKIN GININ

Rumbu iri biyu muka sani. Akwai na kara ko na zana, wanda ya fi yawa a ƙasar Maradi. Akwai na laka, wato ruhewa, wanda mutanen Adar suka shahara da shi. Wanda ya taɓa zuwa wajen Buza ko Keita ya ga manya-manyansu, wasu sun fi ɗakin kwana tsawo.

Mu ɗauki na zana mu duba shi daga ƙasa zuwa sama. Da farko ba a ajiye shi a ƙasa. Ana ɗora shi bisa duwatsu ko bisa gwafanni, don iska ta riƙa wucewa ta ƙarƙashi, laima ba ta taɓa hatsi, kuma mai shi yana iya leƙawa ya ga ko gara ta fara hawa. Itacen da ake shimfiɗawa ba kowane ba ne. Tsofaffi suna neman ƙirya, don ta fi jure ma gara da ruɓa. Jikin rumbun da gamba ake saƙa shi, a ƙarfafa shi da tsumagun geza ko na sabara, a ɗaure da igiyar kalgo. Saƙar tana hana ruwa da tsuntsu, amma ba ta hana iska. Don haka ko an zuba hatsi da sauran ɗanyantaka, zai ƙarasa bushewa a ciki. Daga sama sai jinka, mai gangare sosai, bakinta ya zarce jikin rumbun don ruwan sama ya zuba nesa.

Ita kuma ruhewa, da hannu ake gina ta kamar tukunya. Magini yana cuɗa laka da ciyawa, ya bar ta ta kwana ta yi danƙo. Yana ɗora zagaye ɗaya, ya jira ya sha iska, kana ya ɗora wani. Ba tubali, ba ma'auni, sai ido da tafin hannu. Bangon ba shi da kauri, amma saboda ya yi ciki kamar tulu yana ɗaukar nauyi mai yawa. Bakin yana sama, ƙarami ne, ana rufe shi a liƙe, a kifa mashi ƴar jinka. Kusu ba ya samun hanya, wuta ma ba ta cin shi da sauƙi.

Sai babbar dabara: hatsi da zangarniyarshi ake ajiye shi. Wanda ba a sussuke ba ya fi daɗewa, ƙwaro ba ya saurin cin shi, yana iya kai shekaru in rumbun na da kyau. Mu malaman gona mun karanta wannan a lakkol, amma kakanninmu sun riga mu sani. Malaman addini ma suna tuna mana cewa shawarar da Annabi Yusufu, alaihissalamu, ya ba mutanen Masar ke nan, lokacin da shekaru bakwai na yunwa ke tafe. Akwai wani amfani kuma: abin da ke cikin zangarniya ba ya fita da gaggawa. Kafin a kai shi kasuwa sai an ciro dami, an sussuka, an sheƙe. Kafin nan mai gida ya sake tunani. Buhu kuwa, ɗauka ɗaya ne ya hau amalanke.

RUMBU DA TSARIN GIDA

Rumbu yana gaya mana yadda gida yake tafiya a da. Babban rumbu na gandu ne. Dukan mutanen gida suka noma abin da ke ciki, amma mai gida kaɗai ke da ikon buɗe shi. Gefe kuma akwai ƙananan rumbuna na gamana, na matan gida da na samari, kowa da abin da ya noma a ranakun da ba na gandu ba.

A gidaje da yawa, in an gama kaka an fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, sai a rufe rumbun gandu. Maza su tafi cin rani, waɗanda suka rage su ci daga gamana da ƴar sana'a. Ba a buɗe babban rumbu sai ruwa ya sauka, don masu noma su samu ƙarfin riƙe hauya. Dabara ce mai kyau a zamanin da kowace mace ke da gamanarta. Amma yau gonaki sun ƙanƙance, mutane sun yi yawa, mata da yawa a kudancin Maradi ba su da ko taki ɗaya na kansu. Mai gidan da ya rufe rumbu ya tafi, alhali matarshi ba ta da gamana, ya riƙe rabin al'ada ne ya yar da rabi, kuma yara ne ke biyan bashin. Wanda ya san tarihin rumbu ya san ba don a hana iyali ci aka ƙago rufewar ba.

Rumbu kuma shi ne ma'aunin daraja. A ƙasar Katsinar Maradi da Gobir, mutum ba ya zama sarkin noma da baki. Sai ya yi dubu, wato ya tara dami dubu, ya kira jama'a, ya yi buki, ya rarraba. In an zo neman aure a wani gida, tsofaffi sukan saci kallon rumbunan gidan kafin su ba da amsa.

RUMBU DA SHEKARUN YUNWA

Babban abin da tsohon rumbu ke tunasar da mu shi ne yunwa. A 1913 zuwa 1914 aka yi Kakalaba, wadda ta ci mutane ba adadi a ƙasar Hausa, ta nan da ta Najeriya. A 1931 fara da rashin ruwa suka haddasa wata, wadda ta fi tsanani a yammacin Nijar, ga kuma lanho ana karɓa ba sassauci. Bayan wannan ne Nasara masu mulki suka matsa ma kowane gari ya yi rumbunan tsimi na tilas. Kowane mai gida sai ya kai rabonshi da kaka, ba a buɗewa sai da izinin kumandan. Niyyar tanadi ce, amma talakawa ba su so abin ba. Hatsinka ne, amma ba ka da iko da shi. Wani lokaci ya lalace a ciki, wani lokaci ya bi hannun gardi da masu riƙon gari. Da mulkin Nasara ya kau, tilas ta kau, rumbunan suka watse.

A zamanin nan ne kuma gujiya ta mamaye gonakin Maradi, don da kuɗinta ake biyan lanho. Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don sayen gujiya, da UNCC a wannan shekara don ƙungiyoyin manoma da bashi. Aka gina mangazu na siminti da kwano a kasuwanni. A 1970 aka kafa OPVN don ajiyar cimaka ta ƙasa. Sai fari ya zo a 1973 zuwa 1974. A 1975 ɗarɓa da cuta suka kashe gujiya, manoma da yawa suka koma ga wake. A 1984 aka sake wani fari, wanda mutanen Maradi ke kira El Buhari, don a shekarar ce gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya. Bayan waɗannan shekaru ne bankunan cimaka suka yaɗu cikin ƙauyuka. A 2005 kuma, ƙasar Madarunfa na cikin inda tamowa ta fi kama yara, ko da yake a lokacin akwai hatsi a kasuwa, kuɗinshi ne ya fi ƙarfin talaka.

Ku duba wannan jeri da kyau. Kowace yunwa ta bar irin ajiyarta: rumbun gandu, rumbun tilas, mangazar gwamnati, bankin cimaka. Tambaya ɗaya ce ke dawowa kullum: wa ke riƙe da mabuɗi? Inda mabuɗi ke hannun wanda ya noma, kuma jama'a na ganin abin da ya shiga da abin da ya fita, ajiya takan daɗe. Inda aka ɗauke mabuɗin aka kai nesa, ko mutum ɗaya ya ɓoye lissafi, ajiya takan mutu. Garin da ke shirin kafa bankin cimaka yau, in ya tambayi tsofaffinshi yadda rumbunan tilas suka ƙare, zai kauce ma ramin da aka riga aka faɗa. Amfanin tarihi ke nan. SONARA da UNCC ba su nan yanzu, amma inda tsohuwar mangazarsu ta rage a tsaye, ita ma shaida ce, ta cancanci a kula da ita.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Kada wani ya ce wannan magana ta ƴan lakkol ce kawai. A ƙasar Mali, rumbunan laka na Dogon, na maza daban na mata daban, suna cikin abin da ya sa aka sa duwatsun Bandiyagara cikin kayan tarihin duniya a 1989. A kudancin Maroko, mutanen duwatsu suna da babban rumbun gari mai kama da ganuwa, kowane gida da ɗakinshi a ciki, da mai gadi, da dokoki a rubuce. Agadir suke kiran shi, kuma daga wannan kalma babban birnin Agadir ya samo suna. A Sipaniya, ƙasar Turawa, manoman arewa suna da rumbunan katako da na dutse bisa ƙafafu, da faifan dutse a kan kowace ƙafa don kada kusu ya hau. A 1973 gwamnatinsu ta yi doka, ta ce a yankunan Asturiya da Galisiya duk wanda ya kai shekara 100 yana ƙarƙashin kariyar hukuma. Mutanen nan suna da mangazu na zamani, amma ba su yar da na kakanninsu ba.

NAMU YA BAMBANTA DA NASU

Sai dai akwai bambanci, kuma dole mu gane shi. Rumbun dutse yana iya shekara ɗaruruwa. Namu na zana, bayan ƴan shekaru sai an sake saƙa. Ruhewa ta fi daɗewa, amma ita ma in an bar ta ba jinka, damina biyu ko uku ta ishe ta. Ginin ƙasarmu ba ya jure ma ruwa. Tsohon garin Maradi kanshi, da ke cikin fadama, ambaliyar gulbi ta rushe shi a 1945, aka tayar da gari aka mai da shi bisa tudu.

To, in haka ne, mi ke tsufa a rumbunmu? Abu uku. Na ɗaya wurin, don sau da yawa a gurbi ɗaya ake ta sake kafa shi tun zamanin kaka. Na biyu duwatsu da itacen ƙirya na ƙasa, waɗanda sukan wuce daga rumbu zuwa rumbu. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne sanin da ke hannun masu yi. Rumbunmu kamar gandu yake: mutane na sakewa, gidan na nan. Ranar da mai saƙa na ƙarshe ko maginin ruhewa na ƙarshe ya rasu a gari bai koya ma kowa ba, ranar ce rumbun garin ya faɗi, ko da akwai sauran guda goma a tsaye.

Mun san dalilan da suka sa ake barin shi. Gamba ta yi wuya tunda daji ya zama gona. Ƙirya ta yi ƙaranci. Akwai tsoron gobara, akwai tsoron ɓarayi, musamman a garuruwan bakin iyaka. Kuma ba mu ce a bar kayan zamani ba. Wake, alal misali, ya fi zama lafiya cikin buhun PICS mai ninki uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007, kuma masu binciken INRAN na Maradi suna cikin waɗanda suka yi aikinshi. Mangazar siminti tana da ranarta. Abin da muke cewa shi ne kada sabo ya sa a manta da tsoho. Da tsohuwar zuma ake magani. In wata shekara buhu ya yi tsada ko bai zo ba, wanda ya iya saƙa rumbu ba zai rasa inda zai zuba hatsinshi ba.

ABIN DA ZA KU IYA YI

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, wannan aiki naku ne, don kuna da abin da kakanninmu ba su da shi, wato alƙalami.

1. Ku zauna da mai gari da tsofaffi, maza da mata, ku gano rumbun da ya fi daɗewa a garinku, ko gurbin da aka fi daɗewa ana kafa rumbu. In akwai inda rumbunan tilas suka tsaya, ko tsohuwar mangaza, ku sa su cikin lissafi.

2. Ku nemi yardar mai shi. Rumbu dukiyar mutum ce, ba a yi mashi tilas. Mun ga inda tilas ta kai a baya.

3. Ku sami kaye ɗaya ku rubuta: wa ya fara kafa shi, zamanin wane mai gari, wa ya saƙa ko ya gina, da wane itace da wace ciyawa, dami nawa yake ci, wace yunwa ya ratsa, su wa suka ci daga cikinshi. Ku auna tsawonshi da kewayenshi da igiya, ku rubuta kamu nawa ne. Ku rubuta sunan kowane sashe nashi yadda tsofaffi ke faɗi, don sunayen ma suna ɓacewa. Mai salula ya ɗauki hoto.

4. Ku tambayi tsofaffin mata daban. Su suka san abin da ake sa ma iri don kada ƙwaro ya ci, ko toka, ko rairayi, ko ganye, kuma su suka san yadda aka raba tiya ɗaya ga mutum goma a shekarar wuya.

5. Ku gyara shi kafin ruwa ya sauka. A sake jinka in ta ruɓe, a yi ma ruhewa yaɓe inda ta tsage, a share ƙarƙashi, a karkare hanyar gara, a nisantar da kara da tarin ciyawa saboda wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6. Kada ku bar shi wofi. Rumbun da ba kowa ke buɗewa ba, gara da kusu ne ke gadon shi. Ko dami kaɗan ne, ko irin shuka, a riƙa zubawa, a share shi tas kafin a sa sabon hatsi.

7. Duk ranar da za a saƙa sabo ko a gina ruhewa, a kira samari su kama aiki, a gaya ma malamin lakkol ya kawo yara su gani. Gani ya kori ji.

8. Ku bar gamba a kan iyakar gona, ku kuma ci gaba da sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma cikin gona, yadda manoman Maradi suka fara tun wajen 1984. Ba rumbu sai da kayan rumbu.

9. Ku kwafi abin da kuka rubuta, ɗaya ya zauna wurin mai gari, ɗaya a lakkol, ɗaya ku kai ma magajin gari. In kun ji za a rushe wata tsohuwar mangaza ko wani wuri mai tarihi, ku sanar da hukuma tun kafin a sa mashi hannu.

Wannan aiki ba ya cin kuɗi. Abin da yake so shi ne a yi shi da wuri, tun waɗanda suka ga 1973 da idonsu suna nan da ransu, suna iya ba da labari.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a zamanku na gaba. Mutum nawa suka rage a garinku da suka iya saƙa rumbu ko gina ruhewa? Samari nawa suka koya daga gare su? In aka yi fari baɗi, hatsin wata nawa ke ajiye a garinku, kuma wa ke riƙe da mabuɗi?

Abin da kuka samu, ku ba malamin gona na yankinku ya kawo mana, mu karanta ma sauran garuruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu, ya ba mu lafiyar ci. Amin.

Malamin gona, Madarunfa